Kamu Bakwai

Tun ranar da Sabiru magini ya shigo gidan da igiyar awo a kafaɗa, hankalin Gwaggo Tahira bai sake kwanciya ba.

Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana saƙar tabarma ta ga ya gifta ta, ya wuce filin da ke can baya inda ake ɗaure awaki. Kamilu, ɗan ƙaninta, yana biye da shi da turaku a hannu. Bayansu kuma ga mai gidan da kansa, ƙanin nata Malam Iliyasu, ya goya hannu yana gyaɗa kai, sai ka rantse ya taɓa ɗora bulo a kan bulo.

Duk gidan an san maganar. Kamilu ya sayi tsohuwar a-kori-kura yana ɗaukar gyaɗa da gero zuwa kasuwar Bici, kuma yana taɓa gyaran babura da injin ban-ruwa. A bakin masallaci motar take kwana, har an taɓa kwance mata batir. Shi ne ya ce zai gina gareji a baya, gefe guda mota, gefe guda teburin aiki. Babu wanda ya ƙi. Ita kanta Gwaggo ta sa albarka, don yaron a bayanta ya yi wayo.

Abin da ya tsaya mata a rai shi ne inda aka kafa turakun ƙofa.

Filin nan ba shi da mafita. Arewa da yamma gonar maƙwabcinsu ce, Muhammad Auwal. Kudu ɗakunan gidan ne. A wannan yanki na ƙasar Makoɗa kuwa, gonar wani a gindin katangar wani take ƙarewa, babu mai ba ka ko taku ɗaya ka yi hanya. Zauren gidan ma ko jaki da mangala sai ya karkace kafin ya shige. Abu ɗaya ne tak tsakanin filin da hanyar mota, shi ne ɗakin Gwaggo. Ga shi kuma Sabiru ya bar wa garejin baki mai faɗi yana kallon bangon ɗakin nata, taku uku tsakani.

Ta ajiye kaba ta taso.

"Sabiru, wannan ƙofa da ka buɗe, motar daga sama za ta sauko?"

Sabiru ya yi dariyar yaƙe. "Ni dai abin da aka ce in auna shi nake aunawa, Gwaggo."

"Gwaggo ke nan!" in ji Kamilu. "Hanya ai ba abin damuwa ba ce. Za a san yadda za a yi."

"Wa zai sani?"

"Haba Yaya," in ji Malam Iliyasu, don ita ce babba, "ki bar maza da aikinsu mana. Ana magana da Muhammad Auwal, zai tsaga mana ta gonarsa."

Muhammad Auwal! Mutumin da ya kai ɗan'uwansa gaban dagaci a kan tushen gamba guda ɗaya na iyaka, shi ne zai tsaga wa mota hanya a tsakiyar gerensa? Gwaggo ta dubi ƙaninta, shi kuwa ya ɗauke kai yana kallon igiya. Ta koma kan saƙarta, amma ranar sau uku tana warware abin da ta saƙa.

Ɗakin soro ne na ƙasa, na mahaifiyarsu. A cikinsa aka haife ta, cikinsa ta dawo da mijinta ya rasu ba ta da ɗa a raye. Ba a taɓa raba gidan ba. Duk sanda aka taɓo maganar gado sai Malam Iliyasu ya ce, "Me za a raba? Ai duk abu ɗaya ne." Saboda haka rabonta a gidan ubanta bai wuce bangon nan huɗu ba, kuma ta san haka sarai.

Ginin ƙasa kuwa shekara-shekara yake son yaɓe kafin ruwa ya sauka. Gwaggo ba ta wasa da wannan. Tun kaka ta ba wani mai jaki tabarmi biyu ya kawo mata jar ƙasa mangala takwas. Ta kwaɓa ta da dusar gero da busasshiyar ciyawa, ta tara a gindin bangonta tana yayyafa mata ruwa don ta tsima. Ta tara ɓawon ɗorawa buhu guda na makuba. Abin da ya rage kawai mazan gidan su ba ta yini ɗaya su shafe mata, kamar yadda aka saba.

Wata Laraba ta je ta'aziyya unguwar gabas. Da ta dawo, babu tarin ƙasa, sai shatinsa. An kwashe tas an yi cikon daɓen gareji da ita.

"Wallahi Gwaggo leburori ne," in ji Kamilu yana sosa ƙeya. "Sun zaci tamu ce. Kafin in dawo daga Bici har sun zuba siminti a kai."

"Leburori ba su ga ciyawa a ciki ba? Wane mahaukaci ne yake ciko da ƙasar yaɓe?"

"Ki yi haƙuri. Mota gare ni fa yanzu, Gwaggo. Sawu ɗaya zan yi in kawo miki wadda ta fi ta."

Sawun nan ɗaya, har yau motar ba ta yi shi ba. Yau ba mai, gobe taya ta yi faci, jibi an ɗauke shi haya zuwa Shanono. Da ta kai ƙara wurin ƙaninta sai ya ce, "Yaya, bana ai gaba ɗaya za a yi miki, da bulo, ki huta da wannan wahala ta kowace shekara. Bari dai a gama da wancan." Ta ce ita ba ta son bulo, yaɓenta take so. Ya yi dariya ya ce tsofaffi sai a hankali.

Gini ya tashi. Ranar da kafinta ya hau buga kwano Gwaggo ta fito ta tsaya, ta kare ido da hannu tana kallo. Rufin gaba ɗaya gangare ɗaya aka yi masa, kuma gabas ya gangaro, wajen bangonta. Ba indararo, ba kwata.

"Kamilu, ruwan wannan rufi ina zai zuba?"

"Ƙasa mana, Gwaggo."

"Ƙasar wa? Me ya hana ku juya shi yamma?"

"Mu zuba wa Muhammad Auwal ruwa a gona? Kina so ya kai mu gaban dagaci?"

"Au, mutumin da zai ba ku hanya shi ne ba zai ɗauki ruwan sama ba?"

Kamilu ya ce za a sa indararo, an ma yi wa mai yi magana.

Ta gwada faɗa wa matan unguwa a wurin wani suna. Suka ce haba Gwaggo, ɗan da kika goya? Wata ta ce tsufa ne, in ya zo da zargi yake zuwa. Har ita kanta ta fara tuhumar zuciyarta. Ta yi istigfari, ta ce wataƙila shaiɗan ne yake raya mata. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa ce mata tsufa ba ne: Rukayya, matar Kamilu. Ita in ta kawo tuwo sai ta ajiye, ta gaishe ta kai a sunkuye, ta fita da sauri. Wannan saurin ya fi komai tayar wa Gwaggo hankali, don da can Rukayya sai ta zauna sun yi hira har tuwon ya huce.

Saura kamar mako uku ruwa ya sauka, Kamilu ya dawo daga Bici da ƙofar ƙarfe mai ganye biyu, sabuwa fil, an shafe ta da jan fenti. Mutum huɗu suka shigo da ita ganye-ganye, suka jingine a bayan rumbu, suka rufe da zana. Garejin kuwa tuni an sa masa tasa ƙofar ta langa-langa.

"Wannan fa ta ina ce?" ta tambaya.

"Ajiya ce, Gwaggo. Ta wani abokina ce."

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, mata kuma suna ɗaka, ta lallaɓa bayan rumbu ta ɗaga zanar. Masaƙiyar tabarma ba ta neman igiyar awo, hannunta ya ishe ta. Ta ɗora gwiwar hannu a gefen ƙarfen, ta kai yatsa, ta ɗaga, ta sake ɗorawa. Ganye na farko kamu uku da rabi. Na biyu kamu uku da rabi.

Kamu bakwai cif.

Ba sai ta je ta auna ɗakinta ba. Babbar tabarmar da ke shimfiɗe a ciki ita ta saƙa ta da hannunta, daga bangon kudu zuwa na arewa, ba ragi ba ƙari, kuma kamu bakwai ce. Ta zauna a kan dutsen rumbu ta yi kuka, kuka sosai, ba don ɗakin kaɗai ba. Abin da ya fi ci mata rai shi ne wani ya shiga ɗakinta ya auna, kuma ta tuna ranar: bayan Sallah ƙarama, da Kamilu ya shigo gaishe ta ya daɗe, yana takawa daga bango zuwa bango yana yaba sanyin ɗakin. Har fura ta dama masa.

Da yamma ta tare Malam Iliyasu a zaure.

"Iliya, ƙofar nan faɗin ɗakina ce."

"Wace ƙofa kuma?"

"Ka san wadda nake nufi. In ɗakin kuke so, ku faɗa mini da baki. Ku kira malamai a raba gidan nan, a nuna mini nawa, ko da inda akuya za ta kwanta ne."

Ya haɗe rai. "Subhanallahi! Yaya, zato zunubi ne fa. Ke da gidan ubanki, wa ya isa ya tashe ki? Rabon gado kuma, so kike a ce mun watse? Ina ce ci da shanki duk a kaina suke, na taɓa gazawa?"

"Ban ce ka gaza ba. Yaɓe nake so."

"Za a yi."

Ruwa ya sauka ba a yi ba.

Ruwan farko ma ya isa ya nuna mata abin da ke tafe. Duk abin da rufin kwanon nan ya tara sai ya kwararo kamar an tuntsurar da randa, ya daki ƙasa, ya fantsama a gindin bangonta, ya kwanta a lungun nan mai taku uku. Da aka ɗauke ta fito da 'yar fartanyarta, tana nishi ta haƙa kwata don ruwan ya bi ta tsakar gida ya fice. Kwana biyu ta yi tana haƙa. A rana ta uku ta tarar an jibge ragowar bulo a kan kwatar.

"Ruwan yana shiga madafa ne, Gwaggo," in ji Kamilu. "Kuma yara za su iya karya ƙafa a ramin."

"To indararon fa?"

"Mai yin ne ya yi tafiya."

Daga nan Gwaggo ta daina fita. Ba suna, ba biki, ba dubiya. Ta san in ta juya baya wani abin zai sake faruwa, kuma leburori ne za su yi shi. Ta jera tsofaffin kwanoni da bokiti a lungun, in sun cika ta kwashe ta zubar, ruwa na dukanta. Mace mai shekara saba'in da ɗoriya! Gindin bangon ya fara zaizayewa, ya rame kamar ƙugu. Daga ciki danshi ya hau har gwiwa, sannan ya kai ƙirji. Kabarta ta yi funfuna, saƙa ta tsaya. Ta ja gadonta zuwa bangon gabas. Tari ya kama ta, irin mai tsaga ƙirji.

Sai ga su da tausayi. Malam Iliyasu ya zo har ƙofa, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Yaya, ɗakin nan ba lafiya. Ki koma ɗakin ajiya na kusa da madafa kafin ruwa ya ɗauke a gyara miki."

"In na fita, zan dawo?"

"Ji wata magana!"

"Ka ce wallahi zan dawo."

"Ni ba na rantsuwa a kan ƙaramin abu."

"To ni ma ba na fita a kan ƙaramin abu."

Ya fita yana faɗa wa duk wanda ya gamu da shi cewa ya yi iya yinsa, Yaya ta ƙi, in wani abu ya faru jama'a su zama shaida. Ka ji fa. Tun abu bai faru ba har an tanadi shaidu.

Marka ta kama a watan Agusta, kwana huɗu rana ba ta fito ba. A rana ta huɗu bayan la'asar Gwaggo tana zaune a bakin gado ta ji ƙasa tana zubowa sur-sur daga saman bangon yamma. Tsagar da ke wurin ta buɗe har tana hango jan bulon gareji ta ciki. Ta gani sarai, amma ba ta motsa ba.

Rukayya ce ta faɗo ɗakin ba sallama, jiƙe sharkaf.

"Gwaggo, don girman Allah ki fito!"

"Su suka aiko ki?"

"Wallahi ba wanda ya aiko ni. Suna zaure." Ta fashe da kuka. "Gwaggo, na sani, na daɗe da sani, ban da bakin faɗa ne. Amma kada ki bar bangon nan ya faɗo miki. Ba za su ce komai ba sai Allah ya ji ƙanki."

Wannan maganar ce ta tashe ta. Ta sunkuya ta naɗe babbar tabarmarta, Rukayya ta ja ta suka fito. Ba su kai madafa ba suka ji rugugi a bayansu. Bangon yamma ya zauna, ya ja azara biyu ya tafi da su.

Bango ɗaya ne ya faɗi. Sauran ukun suna tsaye garau, musamman na gabas mai kallon hanya, wanda ruwan kwano bai taɓa shi ba. Washegari Gwaggo ta ce wa Sabiru, da ya zo dubawa, "Azara biyu ce da bango ɗaya. Kwana nawa zai ɗauke ka?"

Sabiru ya dubi Kamilu, Kamilu ya dubi ubansa.

"Ai ginin ƙasa in ɗaya ya tafi sauran ma sun mutu," in ji Malam Iliyasu. "Na gabas ɗin nan a kan hanya yake. In ya faɗo wa 'ya'yan mutane, wa zai ɗauki alhaki?"

Bangon da aka ce ya mutu, sai da ƙarti uku suka yini suna dukansa da diga kafin ya kwanta. Ƙasar yaɓe mangala takwas ta gagari motar Kamilu wata huɗu, amma ɓaraguzan ɗaki guda a yini biyu ta kwashe su. Aka zuba ginshiƙi biyu na siminti daidai inda bangon kudu da na arewa suke. Ƙofar abokin nan da aka ba Kamilu ajiya, ashe abokin ya yafe, sai ga ta an ɗaura. Ko yatsa ba a ƙara ba, ko yatsa ba a rage ba. A makon ne kuma mai indararo ya dawo daga tafiya, don yanzu ruwan a kan hanyar mota yake zuba.

Gwaggo tana ɗakin ajiya, tsakanin buhunan taki da tsohon keken ɗinki, hayaƙin madafa yana shigo mata safe da yamma. Mutane suna ta zuwa jaje. Kowa ya zo sai ya ce, "Ikon Allah! Bana ruwa ya yi ɓarna." Malam Iliyasu ya amsa, "Wallahi kuwa. Mun gode Allah da bai zo da ƙarar kwana ba." In an tambayi gini sai ya ce bayan kaka, in Allah ya kai mu.

Haka ake yi. A ƙauyukan nan ba a korar tsohuwa, abin kunya ne, kuma ba wanda zai yarda a ce da shi ya yi. Sai dai a manta da yaɓe, a karkata rufi, a toshe kwata, a zauna a zaure a jira. In ɗaki ya faɗi a ce ruwa ne, a karɓi jaje, har a yi sadakar godiya. Kowa a unguwar yana da ido, amma kowa yana da tsohuwa a gidansa da kuma ɗa mai son fili, saboda haka ba mai son a tona.

Ranar da za a shigar da mota, Kamilu ya gayyaci liman da maƙwabta a yi addu'a bayan sallar hantsi. Rukayya ta soya ƙosai. Aka wangale jar ƙofa, Kamilu ya tayar da mota ya saita ta.

Sai ga Gwaggo ta fito daga ciki tana tari, da naɗaɗɗiyar tabarma a hammata. Ba ta kula kowa ba. Ta sunkuya a gindin ginshiƙin kudu ta ajiye bakin tabarmar, ta warware ta a hankali har ta kai na arewa. Tabarmar ta kwanta tsaf, baki ya taɓa nan, baki ya taɓa can. Ta zauna a tsakiya, daidai inda gadon mahaifiyarta yake a da, ta miƙe ƙafa.

Babu wanda bai san tabarmar nan ba a wurin. Liman ya zauna a kanta ranar da ya zo ɗakin yi mata ta'aziyyar mijinta. Muhammad Auwal ya sha fura a kanta. Kuma mutum huɗu daga cikin masu tsayuwar su ne suka sauke ƙofar daga mota tun ƙasa tana bushe. Injin motar yana ta ƙara.

Malam Iliyasu ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Yaya, mene ne haka? Tashi mana, mutane suna kallo."

"Su nake so su kalla."

"Ƙaddara ce fa. Ruwa ne, kowa ya gani."

Ta shafa tabarmar da tafin hannu daga dama zuwa hagu, sannan ta ɗago ta dube shi, ta dubi liman.

"Malam, kai ne mai karatu, ka gaya mini. Shekara saba'in ina ganin damina a garin nan. Ban taɓa jin ruwan da ya fara zuwa Bici ya auno ƙofa ba, sannan ya dawo ya rushe ɗaki."

Liman ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ɗaga hannu don addu'a. Can Kamilu ya miƙa hannu ya kashe motar, ya zauna a ciki ya kasa fitowa.

Gwaggo ta jawo kabarta daga cikin zani, ta ci gaba da saƙa a ɗakinta.